Daga Singa zuwa teburin Turawa: abin da finafinai ba su gaya maka game da cin abincin Italiya

DUK mai kallon finafinan Hausa ya san wannan fitowar, ko da kuwa ba zai iya tuna sunan fim ɗin ba. Jarumi ya faka mota, ya zagayo ya buɗe wa jaruma ƙofa, sun shiga wani gidan abinci mai sanyin na'ura da labule har ƙasa. Sabis ya kawo faranti biyu na taliya da kofunan lemo. Jarumi ya ɗauki cokali mai yatsu ya juya taliyar sau ɗaya, ya ajiye, ya kalli jaruma ya shiga zuba kalamai. Kafin ka ankara an yanke zuwa waƙa a wani lambu. Taliya tana nan a faranti, ba wanda ya ci, kuma ba a nuna wanda ya biya ba.

To, a zahiri ba haka abin yake ba. Samari da 'yan mata da yawa da suka tashi da kallon irin wannan fitowa sukan haɗa kai bayan Sallah, ko ranar kammala makaranta, ko idan ɗayansu ya samu aiki, su ce yau fa sai an je an ci abincin Italiya kamar yadda manya ke yi. Da yawa sukan dawo da dariya da hotuna a waya. Wasu kuwa sukan dawo ba mai yi wa wani magana a cikin Adaidaita, saboda abu uku da darakta bai taɓa nuna masu ba: takardar jerin abincin da ba sa gane ko kalma ɗaya a cikinta, abin da ke ɓoye a cikin miyar, da kuma takardar kuɗin da ke zuwa a ƙarshe.

Amma kafin a kai ga teburin, sai an fara biyawa ta inda taliyar Kano ke kwana.

Singa, uwar taliya

Kasuwar Singa tana nan tsakanin Fagge da Sabon Gari, 'yar tafiya kaɗan daga Kantin Kwari da kasuwar Abubakar Rimi. Tsofaffin 'yan fim sun san yankin kamar yunwar cikinsu, domin a nan kusa ne, a Bata, dilolin kaset suka yi zamaninsu, lokacin da furodusa kan zo da kwalayen fim ɗinsa ya zauna jiran ciniki. Kaset ya mutu, sidi ya bi shi, amma Singa ba ta ko girgiza ba, don ita abin da take sayarwa ba a tura shi ta waya.

Kasuwar sari ce ta kayan masarufi: sukari, shinkafa, fulawa, man girki, madara, sabulu, tumatirin gwangwani, sai kuma taliya da makaroni da ake jibgewa katan bisa katan har su kusa taɓa rufin sito. Tireloli na sauke kaya, 'yan dako na gudu da katan huɗu ko biyar a ka, masu kura na ihun a ba su hanya, kuma duk wanda ya tsaya kallo a tsakiyar layi zai sha ture. Daga nan kaya ke tafiya kantunan unguwanni da kasuwannin ƙauye, har su tsallaka Nijar da Chadi da Kamaru. Uwar amarya da za ta haɗa gara nan take aikowa. Mai rabon kayan azumi nan yake zuwa. Mai dafa wa 'yan fim abinci a lokeshin ita ma daga nan katan ɗinta ke fitowa, ko da kuwa ta hannun mai kantin layinsu ta saya.

Ga wani lissafi da ya kamata duk mai shirin fita cin abincin Italiya ya riƙe. Katan ɗaya na taliya yana ɗauke da leda 20, kowace leda giram 500, wato kilo 10 ke nan. Bature ɗan Italiya yakan auna wa mutum ɗaya kamar giram 100. Ke nan leda ɗaya ta mutum biyar ce a wurinsu, katan kuma faranti 100. A gidan Bahaushe kuwa ƙato ɗaya na iya tashi da rabin leda, ya kuma leƙa tukunya ya ga ko da saura. Shi ya sa ƙorafin farko da ake ji a teburin abokai, da zarar sabis ya ajiye farantin, shi ne: "Wai shi ke nan?"

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, yawancin taliyar da ke Singa ba ta taɓa ganin Italiya ba. Tun zamanin mulkin Obasanjo gwamnati ta saka taliya cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su daga waje, kamfanonin cikin gida suka karɓe kasuwar. Akwai Golden Penny ta kamfanin Flour Mills of Nigeria, wanda aka kafa tun 1960. Manyan attajiran Kano biyu, Aliko Ɗangote da Abdussamad Rabi'u, duk sun shiga harkar. BUA ya sayar wa kamfanin Olam ɓangarensa na fulawa da taliya a 2016, daga baya ya dawo da taliyar IRS, shi kuma Ɗangote ya sayar wa Olam ɗin nasa a 2019. Sai dai alkamar da ake yin ta da ita, mafi yawanta daga waje ake sayowa da dala. Don haka lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, da kuma lokacin da aka cire tallafin mai aka saki Naira a 2023, a Singa aka fara jin zafin, katan ya yi tashin gwauron zabo, taliyar da ake wa kallon abincin gwauro da ɗalibi ta zama sai an yi shawara kafin a dafa.

Tumatirin ma labarinsa ɗaya ne. Sunaye irin su De Rica da Gino duk ƙamshin Italiya suke yi. De Rica dai asalinsa na can ne, kuma ya yi sunan da har a Kudu gwangwaninsa ya zama ma'aunin shinkafa da wake. Amma shekara da shekaru, mafi yawan markaɗaɗɗen tumatirin da ake ɗurawa a gwangwani a kawo Afirka ta Yamma daga ƙasar Sin yake tasowa. Ga kuma tumatirin Kadawa da Kura nan yana ruɓewa a kwando idan kaka ta yi. Kamfanin sarrafa tumatir da Ɗangote ya buɗe a Kadawa a 2016 ya ci karo da tsutsar nan da ta cinye gonaki a wannan shekarar, tun daga nan kuma sai ya yi aiki ya tsaya.

Wa ya ara a wurin wa?

Da jin sunan, taliya da Italiya, ka san akwai dangantaka. Amma tarihin ya fi haka tsawo. A shekarar 1154, masanin ƙasa Al-Idrisi ya rubuta cewa a wani gari mai suna Trabia da ke tsibirin Sisili ana yin wani abinci na fulawa mai kama da zare, ana kiransa itriyya, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Sisili kuwa ta yi shekaru wajen 200 a hannun Larabawa. Wannan ya faru fiye da shekara 100 kafin Marco Polo ya dawo daga Sin a 1295, don haka labarin da ake yawan bayarwa cewa shi ya kai wa Italiya taliya tatsuniya ce kawai. Shi kansa tumatir, wanda yau ba a raba shi da girkin Italiya, baƙo ne daga nahiyar Amurka, sai a ƙarni na 16 ya isa Turai.

Kano kuma ta daɗe da nata zaren. Larabawan Tarabulus da Gadamas da suka zauna a Dandalin Turawa da kewaye sun zo da girke-girken alkama iri-iri, kuma Libiyar da suka fito ta faɗa hannun Italiya a 1911. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san taliya 'yar murji, ya kuma san ta inji, wadda mata ke murzawa da ɗan ƙaramin injin hannu su shanya a kan igiya a tsakar gida kamar wanki. A dafa ta, a zuba manja da yaji, a yanka albasa, wani lokaci a haɗa da wake. Irin wannan injin na hannu shi ne dai matan Italiya ke amfani da shi a gidajensu. A gidan abinci na manya idan aka rubuta cewa taliyar "ta hannu ce, yau aka murza", kuɗinta ya fi na sauran. A Kano kuwa ita ce ta talaka. Duniya ke nan.

Su kansu Turawan Italiya ba baƙi ba ne a Arewa. Kamfanin Impresit ne ya gina madatsar ruwan Bakolori a shekarun 1970. A Kano an yi kamfanin harhaɗa manyan motocin Fiat a kan titin Zariya. Basfa, wadda iyayenmu suka yi tashen zuwa zance da ita, 'yar kamfanin Piaggio ce. Inda ma'aikata suka taru kuwa dole abincinsu ya biyo su. A shekarun 2000, La Locanda da ke Sultan Road a Nassarawa na cikin wuraren da aka sani da girkin Italiya a Kano. Daga baya fiza da taliyar Turawa suka bazu zuwa manyan otal da gidajen abincin Lebanawa da na 'yan gida a Nassarawa da Bompai da kewayen Zoo Road, unguwar 'yan fim.

Kaboyin taliya

Amma babbar kyautar da Italiya ta yi wa Kano ba a faranti ta zo ba, a majigi ta zo. Tambayi duk wani dattijo da ya yi zamanin Rex, wadda aka buɗe a 1937, ko Plaza da Wapa a Fagge, ko El-Dorado, ko Orion a Ƙofar Wambai, zai gaya maka cewa ban da Indiya da Chanis, ba abin da ke cika silima kamar kaboyi. Abin da da yawansu ba su sani ba shi ne, kaboyin da suka fi so ba na Amurka ba ne. Jango, wanda ke jan akwatin gawa da babbar bindiga a ciki, fim ɗin Italiya ne na 1966, darakta Sergio Corbucci, jarumi Franco Nero. Finafinan nan uku da suka fito da Clint Eastwood, daga A Fistful of Dollars na 1964 zuwa The Good, the Bad and the Ugly na 1966, duk aikin Sergio Leone ne, kiɗan kuma na Ennio Morricone, kuma yawanci a ƙasar Sifen aka ɗauke su. Terence Hill sunansa na yanka Mario Girotti, ƙaton abokinsa Bud Spencer kuma Carlo Pedersoli. Sun ari sunayen Amurkawa ne don kasuwa.

Masu sharhin finafinai, don raini, sai suka laƙaba wa waɗannan finafinai sunan "kaboyin taliya". Sunan zagi ne, amma ya zama abin alfahari.

Ga inda labarin ya shafi industiri ɗinmu. A Fistful of Dollars wankiya ce. Leone ya ɗauko fim ɗin Yojimbo na 1961 na daraktan Japan Akira Kurosawa, ya cire takobi ya saka bindiga, ba tare da izini ba. Kamfanin Japan ɗin ya kai ƙara, aka sasanta da ba su kaso daga cinikin fim ɗin. Su kuma Indiyawa suka zo suka ɗebi nasu a wurin Leone: duk wanda ya kalli Once Upon a Time in the West na 1968 sannan ya kalli yadda Gabbar Singh ya karkashe iyalan Thakur a Sholay na 1975, zai ga inda Ramesh Sippy ya yi karatu. Daga Indiya kuma kowa ya san inda hanyar ta biyo. Masu zagin 'yan fim ɗin Hausa da wankiya suna da gaskiyarsu, musamman a kan wanda ke kwafe fim ɗungurungum har da kalar rigar jarumi. Amma Leone bai bar fim ɗinsa da ɗanɗanon Japan ba, kamar yadda matar Jakara ba ta bar taliya da ɗanɗanon Sisili ba. Matsalar fitowar gidan abinci a finafinanmu ita ce an aro faranti da cokali mai yatsu, an manta da manja da yajin.

Kuma a wajensu teburin abinci wurin labari ne. A The Godfather na 1972, fitowar da ta juya fim ɗin gaba ɗaya a wani ɗan gidan abincin Italiya aka yi ta, inda Michael, wato Al Pacino, ya shiga banɗaki ya ɗauko bindigar da aka ɓoye masa, ya dawo ya harbe mutum biyu a kan tebur. A They Call Me Trinity na 1970, Terence Hill ya zauna ya cinye kaskon wake tas, ya suɗe da burodi, kuma daga wannan cin kaɗai ɗan kallo ya gane ko wane ne shi. Mu kuwa me ya sa jarumanmu ba sa ci? Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya taɓa zuwa lokeshin. Mai gidan abinci ya ba da aron wuri na awa ɗaya ko biyu kafin kwastomomi su fara zuwa. Furodusa faranti biyu kawai ya biya. Za a maimaita ɗauka sau biyar ko shida, daga nesa, daga kusa, ta kafaɗar jarumi, ta kafaɗar jaruma, kuma idan aka ci a ɗauka ta farko, mai kula da kwantiniti ya shiga uku. Ita jaruma tana tsoron jan-baki ya goge. Da darakta ya ce "kot" na ƙarshe, masu riƙe fitila da mai ɗaukar sauti ne ke rufar wa farantin.

A kan tebur

To yanzu ga abokai biyar sun zauna, sabis ya miƙo takardar jerin abinci. Abu na farko da za a sani: 'yan Italiya ba sa tara komai a faranti ɗaya. Abincinsu hawa-hawa ne. Antipasto shi ne ɗan abin taɓawa kafin abinci. Primo shi ne taliya ko shinkafarsu mai danƙo da ake kira risotto. Secondo nama ne ko kifi, shi kaɗai, sai in ka nemi contorno, wato ganye ko dankali a gefe. Dolce shi ne kayan zaƙi. Ba dole ba ne a bi duka, kuma wanda ya ce a kawo masa ɗaya daga kowane hawa don kada a raina shi, shi ne zai fi kowa kuka a ƙarshe.

Abu na biyu, taliyar za ta zo da ɗan tauri a tsakiya. Ba ɗanya ba ce, kada a mayar da ita kicin. Haka suke so, suna kiran hakan al dente, wato wadda haƙori zai ji. Mutanen da kowane ɗayansu ke cin kimanin kilo 23 na taliya a shekara, har suka yi doka a 1967 cewa busasshiyar taliya sai da alkama mai tauri za a yi ta, ba su ne za a koya wa dafa ta ba. Ba sa karya ta kafin su saka a tukunya, ba sa tsame ta su wanke da ruwan sanyi, kuma miyar ba ta yin iyo a faranti. Mai son yaji ya nemi arrabbiata, ma'anar sunan "mai fushi", tumatir ce da tafarnuwa da barkono, ko da yake fushin nata ba zai kai na yajin mai tsire ba. Aglio e olio tafarnuwa ce da man zaitun kawai, ita ce 'yar'uwar manja da yaji. Fiza Margherita kuwa tumatir ce da farin cuku da wani ganye ɗan'uwan ɗoɗɗoya, ja da fari da kore kamar tutar ƙasarsu. Labarin da mutanen Napoli ke bayarwa shi ne an yi ta ne a 1889 don girmama Sarauniya Margherita.

Abu na uku shi ne wanda ba wasa a cikinsa. Girkin Italiya na asali cike yake da naman alade da giyar inabi, kuma sunayen ba sa nuna hakan ga wanda bai san harshen ba. Carbonara ta asali da kumatun alade ake yi, wanda suke kira guanciale. Haka amatriciana. Prosciutto, pancetta, salame da mortadella duk alade ne. Miyar niƙaƙƙen naman nan ta Bologna da kowa ke so, tsarin girkinta da aka yi wa rajista a birnin a 1982 ya ƙunshi pancetta da giya. Ana zuba farar giya a risotto. Tiramisu, wanda 'yan mata ke rububi saboda kyansa a hoto, sau da yawa ana jiƙa shi da giya mai zaƙi. Pepperoni da ake jerawa a kan fiza ƙirƙirar 'yan Italiyan Amurka ce kuma asalinta da alade, alhali a Italiya kalma mai kama da ita tattasai kawai take nufi.

A Kano yawancin wurare sun musanya waɗannan da naman sa ko kaza ko talotalo, don sun san su wa ke shigo masu. Amma 'yan fim ba a Kano kaɗai suke cin abinci ba. Ana zuwa Abuja da Legas ɗaukar fim, ana zuwa Landan karɓar kambu, ana zuwa Dubai da Kairo hutu. Tambaya ɗaya ce za a yi wa sabis kafin a ce a kawo: akwai alade ko giya a ciki? Ba ƙauyanci ba ne. Ƙauyancin shi ne mutum ya nuna suna da yatsa don ya yi masa daɗin faɗa, sai ya kai rabin faranti wani ya gaya masa abin da yake ci.

Wa zai biya?

Nan ne abota ke shiga gwaji. A al'adarmu wanda ya ce "ku zo mu je" shi ne mai biya, ko kuma wanda ya fi kowa ƙarfi a wurin. Ba a faɗa, kowa dai ya sani. Wannan tsari yana tafiya lafiya lau a wurin mai shayi ko mai gurasa. A wurin da faranti ɗaya zai iya tasar wa kuɗin leda da yawa na taliyar Singa, sannan a ɗora harajin kaya na kashi 7.5 cikin 100 da ake karɓa tun Fabrairun 2020, wasu wuraren su ƙara da kuɗin hidima, sai ka ga mai gayya ya karɓi takarda fuskarsa ta canza. Nan take ɗaya zai tuna bai yi sallar isha'i ba, ɗaya waya ta shigo masa, ɗaya kuma ya ce zai tura amma netwok ya ƙi. Wanda ya ga abin da aka sha a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ya san cewa wani lokaci da gaske netwok ɗin ne. Wani lokaci kuma ba shi ba ne.

Idan akwai ɗan fim a teburin, to magana ta ƙare, duk ido kansa zai koma. An gan shi jiya a talabijin yana rabon miliyoyi a cikin gidan bene, wa zai yarda cewa gidan aro ne, motar aro ce, babbar rigar ma wani lokaci ta mai kula da sutura ce? Manyan jarumai ƙalilan suna da halin ɗaukar nauyin tebur. Amma industiri ba su kaɗai ba ne. Akwai ɗaruruwan matasa da ke fitowa a finafinai masu dogon zango, ana biyansu kuɗin fitowa ɗaya ko biyu, fuskarsu ta yi suna aljihunsu bai sani ba. Irin waɗannan ne ke cin bashi don kada a ce tauraro ya kasa, su kwana suna lissafi. Ita kuma 'yar fim nata ya fi nauyi. Kafin ta gama juya cokali wani a tebur na gaba ya ɗauke ta a waya, gobe a wayi gari ana tambayar wa ya kai ta, wa ya biya, me ke tsakaninsu, ko da kuwa yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya sa da yawansu suka gwammace su aika a ƙunso masu su ci a gida, wanda hakan ke nufin taliyar da aka yi don a ci da zafinta za ta iso ta sandare.

Su masu abincin sun daɗe da warware wannan rigima. A Italiya idan abokai suka fita, sukan biya alla romana, wato irin na mutanen Rum: a haɗa kuɗin gaba ɗaya a raba daidai da yawan kawunan da ke teburin. Ba mai jin kunya, ba mai gudu banɗaki. Ɗaliban jami'a da na kwalejin kimiyya a Kano ma sun san wannan, karo-karo suke ce masa, kuma da shi ake sayen katan ɗin taliya a ɗakin kwanan ɗalibai tun ba yau ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, a faɗe shi tun a gida kafin a tari Adaidaita. Sai dai shi ma yana da tasa matsalar, don a kowane tebur ba a rasa mutum ɗaya da zai ci antipasto da primo da secondo, ya kora da lemo biyu, ya nemi a ƙunsa masa fiza ya kai wa ƙannensa, sannan ya fi kowa ɗaga murya cewa a raba daidai.